Tsarabar da Ta Rufe Tafki

An gama cin tuwo, an kwashe kwanuka. Iya Tabawa ta jawo tabarmarta gindin lemun tsamin da ke tsakar gida, ta miƙe ƙafafu. Jikokinta suka kewaye ta, Sallau da Lawisa da ƙaramarsu Cima, har da 'ya'yan maƙwabta.

Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

Suka ce, "Ta zo mu ji ta, Iya, mun ba ta wuri."

Ta ce, "Sallau, matso ka danna mini ƙafar nan. Ba nan ba, ƙasa kaɗan. Yawwa."

Wani tsoho ne da matarsa, a wani gari da ake kira Kwarin Ɗinya. Sunan tsohon Tunau, sunan matar Marka. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama gidansa. Sai su biyu, sai jaki guda, sai kaji.

Tunau falke ne. Yakan ɗora wa jakinsa kanwa ya yi kudu, ya daɗe, ya komo da goro. Kuma bai taɓa komowa babu tsarabar Marka ba. Sai dai Allah bai ba shi idon zaɓe ba. Ya taɓa kawo mata takalmi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ya taɓa kawo mata madubi, kafin ya iso jaki ya kwanta a kai. Ya taɓa kawo mata turare, ta shafa, kaji suka yini a gidan maƙwabta.

Kowanne ya kawo, sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Malam, ka iya zaɓe. Allah ya ƙara buɗi."

Shi kuwa sai ya shafa gemu ya ce, "Ai na san abin da kike so."

A bayan garin akwai tafki babba, da shi garin yake rayuwa. A tsakiyarsa bado ne, fari da ja, ganyensa shimfiɗe a kan ruwa kamar faifai. In abinci ya yi ƙaranci, da 'ya'yan bado da saiwarsa ake toshe yunwa. A gefe burugu ne, ciyawar da shanu ke shiga ruwa har ƙirji don su ci. A ƙasa karfasa da tarwaɗa. A sama kirinjijiya, agwagin ruwa masu farar fuska, waɗanda ke yin fito in suna tashi.

Tun Marka tana amarya a nan take ɗibar ruwa. Kullum ta zo sai ta gaida kowa. Ta gaida Bado, ta gaida Karfasa, ta gaida Kirinjijiya. A zamanin nan kuwa komai yana magana, in dai ka iya gaisuwa.

Ana nan, ana nan, sai gwiwar Tunau ta fara ciwo. Sai ya ce wannan tafiyar ita ce ta ƙarshe. Ya tafi, ya yi nisa fiye da yadda ya saba, har ya kai bakin wani babban kogi. Sai ya ga wata ciyawa tana yawo a kan ruwa. Kamar kainuwa take, amma ta fi ta tsayi. Ganyenta kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Furenta shuɗi-shuɗi, da ɗigon rawaya a tsakiya. Bai taɓa ganin fure mai kyau irinsa ba.

Sai ya ga wani mai jirgi yana ture ta da sanda yana tsaki. Ya ce masa, "Bawan Allah, ko zan iya ɗaukar guda?"

Mai jirgi ya dube shi ya ce, "Baba, in za ka iya, kwashe duka."

Tunau ya ce a ransa, mutanen ƙasar nan akwai kyauta. Bai tambayi dalili ba. Ya ɗauki guda ya sa a ƙwarya. Duk tsawon hanya, ruwan shansa yake rabawa biyu, rabi nasa, rabi na ciyawar.

Ya iso gida ya yi sallama. Marka ta fito ta shirya bakinta da maganar da ta saba. Ya buɗe ƙwarya. Sai ta leƙa ciki. Ta duba, ta sake dubawa. Sai hawaye suka cika mata ido.

Ta ce, "Malam, wannan karon kam ka iya zaɓe."

Ya ce, "Wannan karon? Sauran fa?"

Ta ce, "Sauran ma. Zauna ka sha ruwa."

Ta tambayi sunan ciyawar, ya ce bai tambaya ba. Sai ta sa mata suna Tsaraba. Ta zuba ruwa a kwatarniya ta sa ta a ciki. Kafin wata ya mutu, guda ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, kwatarniya ta cika har tana zubowa. Matan gari suka riƙa shigowa kallo.

Sai Tunau ya ce, "Marka, abu mai kyau haka bai kamata mu ɓoye shi a gida ba. Mu kai ta tafki kowa ya gani."

Ta ce, "To, Malam."

Suka ɗauka suka kai, suka sake ta a bakin ruwa. Iska ta kwashe ta ta yi ciki da ita.

Cima ta ce, "Iya, da ni ce ba zan kai ba. Tawa ce ni kaɗai."

Iya Tabawa ta ce, "Ke dai rowarki da ta yi rana a nan. Saurara."

Damina ta sauka. Tsaraba ta sami wuri. Ta miƙa hannu nan, ɗiya ta fito. Ɗiyar ta miƙa hannu can, jika ta fito. Gefen tafki ya zama shuɗi. Matafiya suka riƙa tsayawa suna tambaya, ana ce musu ai tsarabar Tunau ce ga matarsa. Mata suka riƙa yi wa mazajensu gori da ita. Tunau kuwa kullum yamma sai ya ɗauki sandarsa ya ce, "Bari in je in ga tsarabarki." Marka ta bi shi da ido tana murmushi. Shekara da shekaru yana kawo abin da ake dariya, yau ga shi ana yabonsa.

Shekara ta kewayo. Tsaraba ta ci rabin tafki.

Wata safiya Marka ta zo da tulunta. Ta ture ganye ta sami wurin ɗiba. Sai ta ji wata murya siririya tana waƙa:

"Marka, Marka, mai tulu,
Baƙuwarki ta sha mini rana.
Na miƙa wuya, na miƙa hannu,
Ban ga sama ba, sai inuwa.
Sai wata rana, Marka."

Ta duba, sai ta ga Bado, ganyensa ya yi rawaya, an matse shi a wani lungu.

Ta ce, "Bado, ina kwana? Wace irin waƙa ce wannan da sassafe?"

Bado ya ce, "Sallama na zo yi miki. Ni daga ƙasa nake tasowa, sai na ga rana nake rayuwa. Ita kuwa a sama take, ta rufe ƙofa."

Ta ce, "Ba za ku iya zama tare ba? Tafkin nan da faɗi."

Ya ce, "Mun zauna da kainuwa tun kakanninki, ba mu taɓa faɗa ba. Kainuwa tana da masu cinta a nan, in ta yi yawa su rage ta. Wannan kuwa masu cinta suna can ƙasarsu. Nan babu wanda ya san ta, babu mai ce mata bari."

Sai ya nutse. Marka ta ɗauki tulunta. Ta koma gida ta tarar Tunau yana gyara akala. Ta buɗe baki za ta faɗa masa. Ya ɗago ya ce, "Yaya tsarabarki?" Sai ta ce, "Tana nan lafiya, Malam."

Washegari da asuba, yana fita masallaci, sai ta ɗauki lauje ta ɓoye a zane. Ta je tafki ta shiga ruwa. Ta yanka, ta yanka, ta daddatsa ta gutsi-gutsi. Ta koma gida kafin ya dawo, ta shanya zanen a bayan ɗaki. Haka ta riƙa yi kullum. Ashe duk guntun da ta yanke, in da ɗan ido a jikinsa, sai ya yi saiwa ya zama uwa. Wurin da ta yanka ya fi ko'ina cika.

Ana cikin haka, sai Sarkin Ruwa Jatau ya zo gidan. Shi ne shugaban masuntan garin. Ya yi sallama, ya zauna a zaure, komarsa a kafaɗa babu ko kifi guda. Aka gaisa.

Ya ce, "Baba Tunau, dama maganar tafki ce ta kawo ni."

Marka tana bayan ƙofa. Sai ta yi wuf ta fito da ƙwarya ta ce, "Sarkin Ruwa, sha fura tukuna."

Ya sha. Ya goge baki ya ce, "Dama ciyawar nan ce..."

Sai Tunau ya yi wuf ya ciro goro ya ce, "Ɗanɗana wannan, na kudu ne."

Ya ɓara ya tauna. Ya sake cewa, "To, ita ciyawar..."

Sai Marka ta ce, "Yaya ƙafar mahaifiyarka?" Tunau ya ce, "Yaya mai jego?" Jatau ya dubi tsoho, ya dubi tsohuwa. Kunya ta kama shi. Ya ce kowa lafiya, ya ɗauki komarsa ya tafi.

Rani ya shigo. Tsaraba ta ci kashi biyu cikin uku na tafki. Tsofaffin ganyayenta suka riƙa ruɓewa suna zuba ƙasa. Ruwa ya canja ɗanɗano. Sauro ya yi yawa. Shanu suka zo neman burugu, suka tarar babu, suka tsaya suna kuka a baki.

Wata safiya Marka ta zo. Sai ta ga wani baki yana buɗewa yana rufewa a ɗan wurin da ya rage. Sai ta ji waƙa:

"Marka, Marka, mai tulu,
Baƙuwarki ta toshe mini iska.
Na yi sama, na yi ƙasa,
Ruwa ya yi baƙi, ya yi wari.
Sai wata rana, Marka."

Ta ce, "Karfasa, ke ce haka? Kin rame."

Karfasa ta ce, "Ni ce. Sallama na zo yi miki. 'Ya'yana sun mutu da yawa. Ko Tarwaɗa mai taurin rai ta shige laka ta daina magana. Zan bi rafin da ke fita daga tafkin nan, ni da waɗanda suka rage."

Marka ta ce, "Ki ƙara mini haƙuri. Ina ƙoƙari."

Karfasa ta ce, "Na ga ƙoƙarinki. Da kin ajiye laujen nan da ya fi mana sauƙi. Me ya sa ba za ki faɗa wa mutanen gari ba?"

Marka ta ce, "In na faɗa, sai an ambaci wanda ya kawo ta. Tsoho ne. Da ruwan shansa ya raine ta a hanya."

Karfasa ta juya. Ta kaɗa wutsiya ta nufi bakin rafi.

Marka ta bi ta da kallo. Sai dabara ta zo mata. Ta ce, tunda rafi yana fita da kifi, ai zai fita da ciyawa. Sai ta ajiye lauje ta ɗauki gora doguwa. Kullum asuba sai ta je ta tura Tsaraba, ta tura, ta tura, har bakin rafi. Ruwa ya ja ta ya tafi da ita. Marka ta ji daɗi. Ba ta tuna cewa rafin nan a tafkin maƙwabtansu na Tungar Anaruwa yake zubawa ba. Kuma abin da ta tura da safe, kafin yamma wani ya maye gurbinsa.

Sallau ya ce, "Iya, ai ta kai wa wasu masifa kenan."

Iya Tabawa ta ce, "Ta kai, angona. Kuma da zuciya ɗaya ta kai. Ci gaba da danna ƙafar."

Damina ta sake dawowa. Tsaraba ta rufe tafki gaba ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce fili ne mai ciyawa. Wani ɗan maraƙi ya taka, ya nutse, ba a same shi ba. Mata suka koma rijiya mai nisa. Masunta suka rataye koma. Mutane suna gunaguni a bayan ido, amma in sun ga tsofaffin nan biyu sai su gaishe su su wuce.

Wata asuba Tunau ya fita masallaci. Marka ta ɗauki gorarta. Bayanta yana ciwo, hannuwanta sun yi kanta, amma ta tafi. Ta isa bakin ruwa. Sai ga Kirinjijiya ta sauko a kan wani kututture, don babu ruwan da za ta sauka a kai. Ta fara waƙa:

"Marka, Marka, mai tulu,
Baƙuwarki ta hana ni masauki.
Na kewaya gabas, na kewaya yamma..."

Sai ta tsaya. Ta ce, "Marka, waƙar nan ta jira. Da nake kewayawa yamma na ga mutum a cikin ruwa har wuya, wajen tsohuwar ɗinya. Hularsa irin ta mijinki ce."

Marka ba ta san sadda ta fara gudu ba. Tsohuwar da ke tashi da ƙyar, ran nan ƙafarta ba ta san ƙaya ba. Ta isa gindin ɗinya. Sai ga Tunau, ruwa ya kai masa haɓa, saiwoyi sun naɗe masa ƙafafu, laka tana jan sa. Yana motsi, yana ƙara nutsewa.

Ta ce, "Malam, kada ka motsa. Kama gorar nan."

Ya kama. Ta ja, bai taso ba. Ta sake ja, ta faɗi zaune. Sai ta kwance ɗamararta ta ɗaura gorar a jikin ɗinya, ta dafe da ƙafa biyu. Ta ce, "Ja kanka, ni ma ina ja." Ya ja, ta ja. Kirinjijiya tana sama tana fito. Sai laka ta sake shi. Ya fito da rarrafe, yana jaye da tarin ciyawa a jikinsa kamar buzu. Ta yaye masa ita ta watsar a kan fako. Suka zauna suna haki.

Da numfashinta ya dawo, sai ta ce, "Malam, nan ne masallacin?"

Ya ce, "Na yi salla. Daga can na biyo."

"Me ka zo yi cikin ruwa?"

Sai ta ga lauje a soke a ɗamararsa. Ta ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ke ma wannan gorar fa? Ina tulunki?"



Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Marka, tun bara nake yankar ta. Duk yammar da na ce zan je in ga tsarabarki, abin da nake yi kenan. Yau na ce bari in gwada da safe ko zan fi ƙarfi. Na ga ta kashe tafki. Amma na tuna ranar da na buɗe ƙwarya kika yi hawaye. Sau ɗaya a rayuwata na kawo miki abin da kike so da gaske. Na kasa ce miki mugun abu ne."

Ta ce, "Ashe ka san sauran ba na so?"

Ya ce, "Marka, ina da ido. Na ga kaji sun gudu."

Sai dariya ta kama ta. Ta yi dariya har ta koma kuka. Ta ce, "Ni kuma tun bara nake zuwa da asuba. Na ga yadda kake shafa gemu in an yabe ka. Na kasa ce maka komai."

Ya ce, "Kenan kina yanka da safe, ina yanka da yamma, ita kuwa tana gode mana."

Kirinjijiya ta sauko ta ce, "Kun tausaya wa juna, mu muka biya. Ban ƙarasa sallamata ba. Babu masauki, babu 'ya'yan bado, babu inda zan kai 'ya'yana su koyi iyo. Sai wata rana."

Ta tashi. Sauran 'yan uwanta suka taso daga cikin gonaki suka bi ta. Suka yi arewa suna fito, har muryarsu ta ɓace.

Tunau ya dafa kafaɗar matarsa ya miƙe. Ya ce, "Kai ni gidan Sarkin Ruwa."

Ta ce, "Ka fara canja riga."

Ya ce, "A haka zan je. Su gan ni da lakata."

Suka je. Suka tarar da baƙi daga Tungar Anaruwa a ƙofar gidan, sun zo kawo kuka cewa wata ciyawa ta biyo rafi ta fara cin tafkinsu. Mutane suka taru. Tunau ya tsaya a gabansu, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

Ya ce, "Jama'a, ni na kawo ta. Na gan ta da kyau, ban tambayi halinta ba."

Marka ta ce, "Ni kuma na turo muku ita, mutanen Tunga. Ku yafe mini."

Sarkin Ruwa Jatau ya ce, "Baba, Inna, ni ma da nawa. Na zo in faɗa, fura da goro suka rufe mini baki. Yanzu dai ba laifi muke nema ba, magani muke nema. An yanka ta ƙaru. An tura ta yaɗu. Sai me?"

Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a sa mata wuta, aka ce wuta ba ta cin abu a kan ruwa. Wani ya ce a saki awaki, aka ce awaki sun shinshina sun juya. Aka yini ana magana ba a gama ba.

Bayan 'yan kwanaki Marka ta koma gindin ɗinya neman hular Tunau da ta faɗi. Ba ta ga hula ba. Amma ta ga tarin ciyawar nan da ta watsar a kan fako. Rana ta dake ta, ta bushe ƙayau. Ta murza ta a hannu, ta zama gari. Ta kwaso a gefen zane ta kai wa Sarkin Ruwa.

Ta ce, "Duba. A ruwa sarauniya ce. A tudu ko kara ya fi ta ƙarfi."

Sai aka buga gangar gayya. Mutanen Kwarin Ɗinya suka fito, mutanen Tungar Anaruwa suka zo. Masunta suka tare bakin rafi da koma don kada ko guntu ya wuce. Maza suka shiga ruwa suna jawo ta da saiwarta ɗungurungum. Mata suka riƙa ɗauka a kwanduna suna kaiwa can kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. In ta bushe a ƙone, a kai tokar gona. Jakin Tunau ma ya yi dako har ya yi fushi. Tunau kuwa an hana shi shiga ruwa, sai aka ba shi aikin tsintar guntayen da suka faɗi a hanya. Marka tana biye da shi tana nuna masa waɗanda ya tsallake.

Aka daɗe ana yi. In an gama na Kwarin Ɗinya a koma na Tunga. Har wata rana aka wayi gari, sai ga sama a cikin tafki.

Amma Tsaraba ba ta tafi duka ba. Ta zubar da iri a cikin laka, kuma irinta ba ya gajiya da jira. Duk damina sai 'yan ƙanana su leƙo. Sai garin ya kafa doka: duk wanda ya je tafki, in ya ga ko ganye guda, ya cire ya kai tudu kafin ya ɗebi ruwa. Yara ma suka san ta tun kafin su san sunan kakanninsu.

Ruwa ya washe, amma tafki babu kowa. Sai Marka ta ce, "Malam, waɗanda muka kora, mu ya kamata mu je bikonsu."

Ta hau da shi kan jaki, ita tana jan akala. Suka shiga daji suna tambayar makiyaya, har suka sami wani ɗan kududdufi a bayan dutse. Sai ga Bado a ciki, fari tas.

Marka ta durƙusa ta ce, "Bado, ina wuni? Biko muka zo."

Bado ya ce, "Baƙuwar ta tafi?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, tana leƙowa. Amma yanzu mun san ta, kuma ba ma jin kunyar juna a kanta."

Ya ce, "To, ɗauki saiwata ki kai."

Tunau ya ce, "Ɗan uwanka ja fa? A ina za mu same shi?"

Bado ya ce, "Shi a tafkinku kaɗai yake a duk ƙasar nan. Ba shi da wani gida."

Tunau ya cire sabuwar hularsa ya riƙe a hannu. Jan bado kuwa ba a sake ganinsa a Kwarin Ɗinya ba.

Suka dasa farin. Ya kama. Makiyaya suka kawo burugu daga fadama suka dasa a gefe. Da ruwa ya cika rafi, Karfasa ta biyo shi ta dawo da jikoki. Tarwaɗa ta fito daga laka ta ce ita dama ba ta je ko'ina ba. Sai Kirinjijiya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, shiru.

Tsofaffin nan suka ƙara tsufa. Idon Tunau ya yi rauni, ba ya gani sai dishi-dishi. Kunnen Marka ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Duk da haka kullum safe sai su lallaɓa bakin tafki su zauna, shi da sanda, ita riƙe da hannunsa.

Wata safiya suna zaune, sai Tunau ya ɗaga kai ya ce, "Marka, ina jin fito."

Ta ce, "Me ka ce?"

Ya ɗaga murya, "Na ce ina jin fito, daga arewa."

Ta duba arewa. Sai ta matse masa hannu. Ta ce, "Ga su nan, Malam. Guda biyu. Suna kewayawa."

"Sun sauka?"

"Tukuna. Suna duba ruwan."

"Yanzu fa?"

"Ɗaya ta sauka a gefen bado. Ga ɗayar ma ta sauka."

Ya ce, "Ni na fara jin su."

Ta ce, "Ni na fara ganin su."

Ya ce, "Ji ya riga gani."

Ta ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Na ce kin fi ni gaskiya. Faɗa mini me suke yi."

Sai ta gyara zama ta riƙa faɗa masa, shi kuma yana faɗa mata abin da suke cewa, har rana ta yi zafi.

Ƙurunƙus kan kusu, a bakin tafki ta tsaya.

Iya Tabawa ta janye ƙafarta ta ce, "To, kun ji. In kun je wata ƙasa kun ga tsiro mai kyau, ku kalla ku yaba, amma kada ku ɗauko shi ku sake a ruwanmu ko a dajinmu sai kun tambayi masu sani halinsa. Wani baƙon tsiro zai zauna lafiya, wani kuwa zai kori 'yan gida, kuma wanda aka kora ba lallai ya dawo ba. Sannan in kun ga ɓarna ta fara, ku faɗa tun tana ƙarama, ko da wanda kuke ƙauna ne ya jawo ta."

Lawisa ta ce, "Iya, jan badon fa? Ko guda bai rage ba?"

Iya Tabawa ta ce, "Ko guda, 'yar nan."

Cima kuwa tuni ta yi barci a kan cinyar kakarta. Iya Tabawa ta shafa mata kai ta ce, "Sallau, ɗauke ta a hankali, kada ta farka."